Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta: Abin da ya kamata mai gyara ya gaya wa mutanen Sassumbrum kafin ya karɓi kuɗinsu

Ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da babbar manhajar Windows 10, wadda ya fitar tun a watan Yulin 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Duk wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da ita yadda ya bar ta, shi ya sa da yawa suka ɗauki maganar a matsayin surutun Turawa. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta da kamfanin ke aikowa kowane wata don toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. Daga ranar, duk ɓarakar da aka gano a jikin manhajar za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga wani shiri na musamman da za a zo kansa nan gaba.

Shawarar kamfanin a taƙaice ita ce a koma Windows 11, idan kuma kwamfutar ba ta cancanta ba a sayi sabuwa. A Sassumbrum, da ma sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram, wannan shawara ba ta da wurin zama. Yanki ne na manoma gero da dawa da wake da gyaɗa, da 'yan kasuwar kan iyaka masu juya sefa da naira a aljihu ɗaya. Kano da Daura sun fi Yamai kusa da su nesa ba kusa ba, kuma ta wannan hanya ce akasarin kayan lantarki ke shigowa. Kwamfutar da ake samu a irin waɗannan garuruwa, ko ta shagon buga takardu, ko ta mai ɗaukar hoto, ko ta malamin makaranta, kusan kullum ta hannu ce: ta gama aiki a wani ofishi a Turai ko Amurka, ta sauka a Legas, ta ratsa shagunan titin Beirut a Kano, sannan ta iso. Wata ma ba kamfani ɗaya ne ya ƙera ta ba. Mai gyara ne ya haɗa ta da hannunsa, ya ciro babban allon ciki daga wata matacciya, ya ɗauko RAM daga wata, faifan ajiya daga ta uku, ya zuba su a akwatin da ya samu.

Irin waɗannan kwamfutoci ne Windows 11 ke ƙi. Tun da aka fitar da ita a watan Oktoban 2021, kamfanin ya gindaya sharuɗɗa. RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64 ba su cika zama matsala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sauran biyun: dole kwamfutar ta kasance da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ke adana makullan sirri, kuma dole furosesarta ta kasance a jerin da kamfanin ya amince da su, wato galibi Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Zubi na 8 ya fara fitowa ne a 2017. Ke nan HP EliteBook 840 G3 ta 2016, wadda har yau take buɗe Word da Excel ba tare da gardama ba, ta faɗi jarabawa. Haka tsoffin Dell OptiPlex na tebur da suka cika shagunan buga takardu. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya na iya zama shara saboda wannan sauyi. Sanin kowa ne cewa abin da Turai ta kira shara, kasuwar Afirka ta Yamma ke kira sabon kaya, don haka a sa ran kwamfutocin da aka sallama za su ƙara kwararowa, da farashi mai jan hankali.

Masu gyara ba su tsaya jira ba. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus, wadda ake amfani da ita wajen zuba Windows a filas. A cikinta akwai wurin da ake latsawa a cire binciken TPM da sauran sharuɗɗan, har da tilasta buɗe asusun Microsoft. Cikin awa ɗaya ko biyu tsohuwar kwamfuta ta fito da sabuwar fuska, mai ita ya biya, kowa ya yi murna. Babu dalilin ɗaukar wannan mai gyara a matsayin mai laifi. Yana yin abin da makanikin Magarya ke yi wa tsohuwar mota da kamfaninta ya daina ƙera wa kayan gyara: ya tsawaita ranta don mai ita ba shi da kuɗin wata. Sana'a ce, kuma tana buƙatar basira, musamman a kan kwamfutar haɗe-haɗe, inda sai an bi sassa ɗaya bayan ɗaya ana neman direban da zai sa sauti ya fito, ko katin intanet ya kama, ko firinta ta amsa.

Matsalar tana cikin abin da ba a gaya wa mai kwamfutar.

Microsoft ya rubuta ƙarara cewa kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 ba tare da ta cika sharuɗɗa ba ba ta da haƙƙin samun sabuntawa. A aikace, da yawansu na samun gyaran wata-wata, kuma wannan ne ke sa masu gyara cewa ai babu komai. To amma Windows 11 ba abu ɗaya ba ce tsayayya. Kowace shekara ana fitar da sabon zubi, kuma zubin gida da na ƙananan 'yan kasuwa wata 24 kawai ake kula da shi. Zubin 23H2 ya ƙare a watan Nuwamban 2025. Na 24H2 zai ƙare a Oktoban 2026. Kwamfutar da ta cancanta takan haye zuwa sabon zubi da kanta. Wadda aka tura ta ƙarfi galibi ba ta hayewa, sai an mayar da ita wurin mai gyara ya sake dabara. Mai shagon da ya biya kuɗi a 2023 yana zaton ya rabu da matsala, mai yiwuwa yau yana zaune a kan manhajar da ita ma an daina kula da ita, bai kuma sani ba, domin fuskarta ba ta sauya ba.

Sannan babu tabbacin dabarar za ta ci gaba da aiki. An riga an ga misali. Daga zubin 24H2 manhajar ta fara dogara da wasu umarnai na cikin furosesa da tsofaffi irin su Core 2 Duo ba su da su. A nan babu wani bincike da za a tsallake: kwamfutar ba za ta tashi ba, ko wane gwani ne ya zauna a gabanta. Duk ranar da kamfanin ya ga dama ya ƙara irin wannan mataki, wani rukunin kwamfutocin zai bi sahu.

Masu sha'awar kwamfutocin Apple sun riga kowa ɗanɗana wannan. Bayan da kamfanin ya koma amfani da furosesar Intel a 2006, sai aka samu gwanaye a duniya da suka ƙware wajen ɗora babbar manhajar Mac a kan kwamfutar da suka haɗa da kansu, abin da ake kira Hackintosh. Lasisin Apple ya haramta hakan, kuma da wani kamfani a Amurka mai suna Psystar ya mayar da abin kasuwanci, Apple ya kai shi kotu a 2008 ya kuma yi nasara a 2009. Duk da haka ɗaiɗaikun mutane sun ci gaba, masu haɗa sauti da bidiyo da ba su da kuɗin Mac suka amfana, aka ƙirƙiro manhajoji irin su Clover da OpenCore don sauƙaƙa aikin. Ba kotu ce ta kawo ƙarshen abin ba. A 2020 Apple ya fara ƙera tasa furosesar, M1, a watan Yunin 2025 kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Ƙwarewar shekara kusan ashirin ta zo gaɓar da babu gaba, don tun farko a gonar wani aka yi shukar.

Za a iya cewa duk wannan damuwar mutanen birni ce, tunda kwamfutar ƙauye ba ta cika hawa intanet ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan. Na farko, intanet ɗin ta riga ta iso ta wayar salula. Duk mai Airtel ko Moov ko Zamani na iya jona kwamfuta da wayarsa cikin minti ɗaya, kuma ana yi. Na biyu, a shagon buga takardu cutar kwamfuta ba ta jiran intanet. Filas ce ke yawo da ita. Ɗalibi ya kawo tasa, sakataren wata ƙungiyar manoma ya kawo tasa, wakilin wani ofishi ya kawo tasa, duk a soka su a rami ɗaya. Kowa ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Wannan mai sauƙi ce. A watan Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, ta hanyar wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha wuya.

A duba kuma abin da ke kwance a cikin kwamfutar shago ɗaya a garin kan iyaka. Hotunan katin ɗan ƙasa da aka kwafa, takardun haihuwa, takardun shaidar kammala makaranta, takardun cinikin gona da fili, jerin sunayen mambobin ƙungiyoyi da lambobin wayarsu, hotunan bikin mutane da matansu. Ba na mai shagon ba ne, amana ce ta jama'a. Nijar na da dokar kare bayanan sirrin mutane tun 2017, da hukuma ta musamman da aka ɗora wa alhakin aiwatar da ita, wato HAPDP. Dokar ba ta ware ƙauye ba. Idan kuwa haka lamarin yake a shago, to ina ga kwamfutar ma'aikatar magajin gari da ke riƙe da rajistar haihuwa, ko ta gidan likita, ko ta daraktan makaranta mai sakamakon jarabawar yara.

Akwai abin da ya fi tsallake sharuɗɗan TPM haɗari, kuma shi ne ya fi yawa. Ba kowane mai gyara ke sauko da Windows daga shafin Microsoft ba. Fayil ɗin ya haura gigabait 5, kuɗin data ba wasa ba ne, layin kuma na iya yankewa a tsakiya. Abin da ke yawo daga filas zuwa filas shi ne kwafin da wani wanda ba a sani ba ya yi wa kwaskwarima, ya cire wasu sassa don ta yi sauƙi, ya kashe sabuntawa, wani lokaci ya kashe har da manhajar tsaron da ke ciki, sannan a bi ta da wata 'yar manhajar satar lasisi. Babu mai iya rantsuwa a kan abin da aka dasa a ciki. Mai gyaran da ya ɗora irin wannan a kwamfutar da ake tura kuɗi da ita, ko ake ajiye takardun mutane, ya wuce gona da iri, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Ba a buƙatar doka kafin a bar wannan. Kwafi ɗaya na asali, da aka sauko da shi sau ɗaya a Damagaram ko Kano, ya ishi masu gyaran gunduma guda su raba a tsakaninsu.

Kwamfutar haɗe-haɗe na da nata tarkon na daban. Sabbin zubin Windows 11 kan kulle faifan ajiya da makullin sirri da kansu idan an shiga da asusun Microsoft, tsarin da ake kira BitLocker. A ofishin da ake tsoron satar kwamfuta wannan alheri ne. Amma a wurin da sauya babban allon ciki ya zama gyaran yau da kullum, saboda zafi da ƙurar hunturu da wutar da ke hawa tana sauka, abin na iya zama masifa. Da zarar an sauya allon, ko an cire faifan an kai wata kwamfutar don ceto fayiloli, sai ta nemi lambobi 48 na buɗewa. Lambobin na cikin asusun da aka buɗe ranar ɗora manhajar, sau da yawa da imel ɗin da mai gyara ya ƙirƙira a gurguje, wanda shi kansa ya manta kalmar sirrinsa. Idan babu lambobin, babu gwanin da zai dawo da aikin shekaru. Mai gyara na ƙwarai zai rubuta wa mai kaya waɗannan lambobi a takarda, ko ya tambaye shi ko yana son kullewar tun farko.

To mene ne abin yi ga wanda ba shi da kuɗin sabuwa?

Kafin komai a duba ko kwamfutar ta cancanta ba a sani ba. Da yawa daga cikin na zubi na 8 zuwa sama suna da TPM a cikin furosesa, an dai kashe shi ne a saitin farko na BIOS; a Intel sunansa PTT, a AMD kuma fTPM. Kunna shi aikin minti biyar ne, kuma daga nan Windows 11 za ta hau ta ƙofa, ba ta taga ba. Gane zubin ma ba wuya: a lambar furosesa irin i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato 8. Idan aka ga i5-6300U, zubi na 6 ne, ba ta cancanta ba. Wannan ɗan ilimi kaɗai zai hana a sayar wa mutum kwamfutar 2016 da farashin ta 2019 don kawai an kunna ta ya ga Windows 11 a fuskarta. Duk mai shirin zuwa Kano sayen ta hannu ya riƙe wannan, ya duba lambar furosesa da idonsa, kada ya tsaya ga abin da allo ya nuna masa.

Ga wanda ya zauna a Windows 10, akwai shirin ƙarin wa'adin tsaro na shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ana biyan dalar Amurka 30, wajen jika 17 na sefa gwargwadon canji, ko a samu kyauta idan mutum ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Ma'aikatu kuwa dala 61 ne kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin na ninkawa duk shekara har uku. Sharaɗin shi ne manhajar ta zama zubin 22H2 mai lasisin gaskiya, wanda nan take ya fitar da kwamfutoci masu yawa daga layi. Abin lura a nan: a ƙasashen Tarayyar Turai, bayan matsin lambar ƙungiyoyin kare masu sayayya, kamfanin ya sassauta sharuɗɗan samun shekarar kyauta. Masu kuɗin sayen sabuwa su aka sassauta wa, saboda suna da masu magana da yawunsu. Ko ma dai yaya, wannan jinkiri ne kawai, ba magani ba.

Hanyar da ta fi dacewa da kwamfutocin gwamnati da na makarantu a yanki irin wannan ita ce Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, wadda kuma a kanta aka gina Android da ke cikin wayar kusan kowa. Kyauta ce, halal ce a kwafa a raba, kuma ba ta tambayar TPM ko zubin furosesa. Linux Mint 22, alal misali, na tashi da RAM gigabait 2, ta fi sakewa da 4, fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da aka saba, kuma za a ci gaba da aiko mata gyaran tsaro har 2029. Tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi. Cutukan filas da aka rubuta don Windows ba sa aiki a kanta. Ga mai kwamfutar haɗe-haɗe kuma tana da wata fa'ida babba: ana iya tayar da ita daga filas a gwada sauti da intanet da firinta kafin a taɓa faifan ajiya. Idan wani sashe ya ƙi, a zare filas ɗin, babu abin da ya lalace.

Ba sabon abu ba ne ga hukumomi. Jandarmomin Faransa sun kwashe fiye da shekara goma suna aiki da nasu zubin Ubuntu a dubban kwamfutoci. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya a kan Linux suke koyar da yara. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000. Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Emmabuntüs, wani zubin Linux da 'yan sa-kai a Faransa suka tsara musamman don farfaɗo da tsoffin kwamfutoci, wanda aka yi amfani da shi wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun Togo. Da Faransanci yake, kuma an tsara shi yadda za a iya ɗora shi ba tare da intanet ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, masu tallata Linux kan yi saurin tsallake wahalhalunta. Mai shagon da ke rayuwa da CorelDraw ko Photoshop, yana zana katin biki da allon talla, ba zai same su a can ba. Akwai makamantansu, amma hannu ya riga ya saba, kuma kwastoma ba ya jiran mutum ya koyi sabon abu. Takardar da aka tsara a Word kan ɗan goce idan aka buɗe ta a LibreOffice, tebur ya karkace, shafi ɗaya ya zama biyu, kuma ofishin da ke Damagaram ko Yamai ba zai karɓi uzuri ba. Firintocin HP galibi suna aiki nan take, amma wasu tsoffin Canon na jerin LBP sai an sha fama. Wasu katunan intanet na Broadcom sai an jona waya an sauko da direbansu. Matashin da ke koyon kwamfuta don neman aiki kuma Word da Excel za a tambaye shi. Birnin Munich na Jamus ya yi shekaru a kan Linux, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Babbar matsalar kuma ita ce ta mutane: idan kwamfutar ta ƙi tashi a Sassumbrum ranar kasuwa, wa za a kira? Idan babu mai gyara a kusa da ya san Linux, to an raba mutum da wata matsala an ba shi wata.

Wannan ne ya sa amsar ba za ta zama ɗaya ga kowa ba. Kwamfutar gida da yara ke kallon fim da koyon buga rubutu, a ɗora mata Windows 11 ta dabara idan mai ita ya so, muddin an gaya masa cewa bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya dawo, kuma wata rana dabarar na iya ƙarewa. Mai zane da ba zai rabu da CorelDraw ba ya ware kwamfutar aikinsa, ya hana ta intanet da filas ɗin kowa, ya sami wata tsohuwa mai Linux ta zama ita ce mai karɓar fayilolin jama'a. Tsohuwar ta biyu ba za ta kai kuɗin asarar aikin shekara ba. Amma kwamfutar da ke riƙe da rajistar jama'a, ko bayanan marasa lafiya, ko sakamakon ɗalibai, bai kamata a bar makomarta a hannun dabarar da kamfanin da ya yi manhajar ya ce ba ya lamunta ba. Ko dai a saya mata wadda ta cancanta, ko a mayar da ita Linux a horar da mai aiki da ita.

A nan ne hukumomi ke da aiki. Nijar na da hukumar ANSI mai kula da harkokin zamani na sadarwa, wadda ta jagoranci shirin kai intanet karkara. Kai layi gari abu ne mai kyau, amma layin na ƙara buɗe ƙofa ga kwamfutocin da ba su da kariya. Ana buƙatar umarni a rubuce ga ma'aikatun ƙananan hukumomi da makarantu da gidajen likita kan irin manhajar da aka yarda a ɗora, da wanda ke da alhakin sabunta ta, da inda ake ajiye kwafin bayanai na biyu. Ƙungiyoyin agaji masu rabon kwamfutoci su daina sauke kaya su ɗauki hoto su tafi. Duk kyautar da ba ta zo da manhaja mai sauran wa'adi da horon mai kula da ita ba, kaya ne aka ɗora wa wanda aka ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi na iya shirya horon mako biyu ga masu gyaran waya da kwamfuta na Magarya da Dungas. Mutanen da suka koya wa kansu tsallake shingen Microsoft daga bidiyon YouTube ba za su kasa ɗora Linux Mint ba. Abin da ya hana su shi ne babu kwastoman da ya taɓa nema.

Akwai ma dalilin da ya wuce tsaro. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da layin Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, kuma sai a 2024 aka dawo da ita. Mutanen yankin sun ga abin da ke faruwa idan makunnin abin da ake dogara da shi na hannun wani. Manhajar da sai an shiga asusun wani kamfani a Amurka kafin a kammala ɗora ta, wadda kuma kamfanin ne ke yanke ranar mutuwar kwamfutar da ke ɗauke da ita, ita ma dogaro ce irin wannan. Gwamnatin da ke yawan maganar 'yancin kai na da damar nuna shi a wuri mai arha.

Sai wani ƙaramin abu da masu gyara kan manta, alhali shi ne mai kaya ke fara cin karo da shi. Kwamfutar da ta biyo ta Kano allon rubutunta na Ingilishi ne, QWERTY, yayin da wanda ya yi makaranta a Nijar ya saba da na Faransanci, AZERTY. Idan aka saita manhajar a kan wani alhali maɓallan na wani ne, sai mutum ya latsa A ya ga Q, har ya kasa shigar da kalmar sirrin da ya zaɓa da kansa. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, buƙatar buga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ za ta ƙaru a ofisoshi da makarantu. Windows da Linux duk suna da tsarin allon Hausa a cikinsu, ba a dai kunna shi. Minti biyu ne aikin, a kowace manhaja aka zaɓa, kuma ya kamata ya shiga cikin kuɗin da mai gyara ya riga ya karɓa, tare da takardar da ya rubuta sunan zubin da ya ɗora da ranar da wa'adinsa zai ƙare.